Wuri, Shekara da Ɗanɗano: Tarihin Raɗa wa Giyar Inabi Suna

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ba manomin inabi ba ne, kalmar ma aro ya yi daga Larabci, inda ake cewa 'inab. Da masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka zo kan abin shan da ake samu bayan an matse 'ya'yan wannan itace an bar ruwan ya tsimu, sai suka zaɓi su ce "ruwan inabi", lafazin da bai rarrabe tsakanin wanda aka matse yanzu da wanda ya shekara a tulu yana sa maye ba. Domin kauce wa wannan harshen damo, "giyar inabi" za a riƙa cewa a wannan maƙala. Hukuncin shan ta a Musulunci sananne ne, yana cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ba shi aka sa gaba a nan ba.

Abin da aka sa gaba shi ne suna. Duk wanda ya duba takardar da ake mannawa a jikin kwalbar giyar inabi mai tsada zai tarar da abubuwa uku: wurin da aka noma inabin, shekarar da aka tsinke shi, da sunan gidan da ya sarrafa shi. Wani lokaci a bayan kwalbar akan ƙara na huɗu, wato bayanin yadda ɗanɗanonta da ƙamshinta suke. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa ukun farko daɗaɗɗu ne ƙwarai, an daɗe ana rubuta su, an yi shari'a a kansu, har jini an zubar dominsu. Amma na huɗun, wanda a kansa ne masu da'awar ƙwarewa a sanin giyar ke kafa hujja, shi ne ya zo daga baya, kuma har yau harshe bai gama kama shi ba.

2.0 Abin da ke faruwa a cikin tulu

Kusan duk inabin da ake yin giya da shi jinsi ɗaya ne, wanda masana tsirrai ke kira Vitis vinifera. Ya fi yin kyau a ƙasashen da ke da hunturu na sosai da doguwar bazara, galibi tsakanin digiri 30 zuwa 50 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Idan ya nuna, lita ɗaya ta ruwansa kan ƙunshi sukari giram 200 zuwa 250. A jikin ɓawon 'ya'yan da kuma wurin matsar akwai yisti, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Da zarar an fasa ɓawon suka tarar da sukarin sai su shiga cin sa, suna fitar da sinadarin barasa, tare da wata iska da ke sa ruwan ya yi ta kumfa kamar yana tafasa alhali ba a hura masa wuta ba. Kimanin giram 17 na sukari a lita kan ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, shi ya sa yawancin giyar inabi ke tsayawa tsakanin kashi 12 zuwa 14. A nan ta bambanta da burkutu. Ita dawa dole sai an jiƙa ta ta yi tsiro kafin garinta ya juye ya zama sukari. Shi kuwa inabi da sukarinsa da ruwansa da yistinsa yake zuwa.

Ruwan da ke cikin kusan kowane irin inabi, har baƙi, fari-fari ne. Launin a ɓawo yake. Saboda haka idan farar giya ake so sai a matse a raba ruwa da ɓawo tun farko, idan kuwa ja ake so sai a bar su tare su tsimu na kwanaki ko makonni. Ɓawon da ƙwayar ba launi kaɗai suke bayarwa ba, suna ba da wani sinadari mai ɗaure baki, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, wato dai abin da Bahaushe ke kira bauri. Shi ne ke taimaka wa jar giya ta jure shekaru. Babban abokin gabarta kuwa shi ne iska, domin idan ta sami shiga, wasu ƙwayoyin halitta na daban sukan juya barasar ta koma khal. Don haka kafin a sami kwalba mai ƙwari da toshiya mai kama baki sosai a ƙarni na 17, yawancin giyar Turai a cikin shekara guda ake shanye ta, tun ba ta lalace ba.

Mafi daɗewar shaidar da ake da ita a kan wannan sana'a daga ƙasar Jojiya ta fito, inda a 2017 aka bayyana samun ragowar sinadarin inabi a jikin fasassun randuna na wajejen shekara 6000 kafin Miladiyya, a wasu kufai da ke kudu da Tibilisi. A kogon Areni da ke Armeniya kuma an tono cikakken wurin matsa na wajejen 4100 kafin Miladiyya. Yadda abin ya bazu haka sunansa ya bazu: Girkanci oinos, Latin vinum, Ibraniyanci yayin, Jojiyanci ghvino, Armeniyanci gini, Ge'ez na Habasha wayn. Harsuna ne daga zuriya uku mabambanta, kuma masana ba su yi ittifaƙi a kan wanda ya fara ba wani aro ba.

3.0 Rubutu a jikin tulu

A cikin kayan da aka tarar a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, akwai tuluna 26 na giyar inabi masu ɗauke da rubutun tawada. Abin da magatakardan suka rubuta shi ne shekarar sarautar da aka yi giyar, yawanci ta 4 ko ta 5 ko ta 9, da sunan gandun da ya mallaki gonar, da yankin da take, galibi reshen yamma na Kogin Nilu, sannan sunan shugaban ma'aikatan da suka sarrafa ta. Wannan fiye da shekara 3,300 ke nan da suka wuce, amma in ban da salon rubutu babu abin da ya raba shi da takardar kwalbar zamani. Abin lura shi ne, inda aka zo kan inganci sai kalmomi suka ƙaranta: iyaka dai a ce mai zaƙi ce, ko a ce mai kyau ce ƙwarai.

Girkawa sun ƙara da doka. Tsibirin Tasos, wanda ya yi suna a wannan fatauci, ya kafa ƙa'idojin saye da sayar da giyarsa tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ana kuma buga hatimi a hannun tulunansa. Rumawa su kuma suka ɗaukaka shekara. Su da sunan shugabannin da aka zaɓa suke ambaton shekara, kamar yadda tsofaffi a ƙasar Hausa ke ambaton ta da sunan fari ko yunwar da aka yi a cikinta, don haka kakar 121 kafin Miladiyya, wadda ta yi albarka, sai ta ɗauki sunan shugaba Opimius. Filini Babba, wanda ya keɓe littafi na 14 na kundinsa na tarihin halittu ga inabi, ya ambaci cewa a zamaninsa, kusan shekara 200 bayan nan, akwai sauran wannan giya, ko da yake ta daskare ta yi ɗaci. Ya kuma jera giyar Italiya daraja-daraja, ta yankin Falerno na cikin na gaba-gaba. A bangon wata mashaya a Fomfei, garin da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, an tarar da farashi: kwabo 1 na kuɗin Rum ga gama-gari, 2 ga mai dama-dama, 4 ga ta Falerno. Da wuya a ce giyar da manyan Rum ke tinƙaho da ita ce ake sayarwa a wannan araha. Ke nan tun wancan lokaci, da suna ya yi daraja sai jabu ya biyo baya.

4.0 Sunan gona

A Faransa ne aka tsananta wannan al'ada ta suna har ta sauko daga yanki zuwa gona ɗaya tak. A Bagandi, ruhubanawan Kirista na gidan zuhudun Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, sun tara gonaki ta hanyar kyauta da saye, suka daɗe a kansu ƙarni bayan ƙarni, abin da manomi ɗaya mai gajeren kwana ba zai iya ba. Gonarsu ta Clos de Vougeot, mai faɗin hekta 50, har yanzu tana nan cikin katangarta, sai dai yau mutum fiye da 80 ne suka raba ta. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ruhubanawan nan har ƙasar gona suke ɗanɗanawa da harshe ya fi kama da tatsuniyar 'yan kasuwa. Abin da ya tabbata shi ne, a hankali mutanen yankin suka yanka gangaren tudunsu gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta, suna kiran kowace ɗaya climat. Da UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, irin waɗannan gunduwoyi 1,247 aka ƙidaya. Daga wannan tunani ne kalmar terroir ta sami ma'anarta ta yau, wato haɗuwar ƙasa da ruwan sama da rana da gangare da hannun manomi, waɗanda ake cewa su ke sa giyar wata gona ta bambanta da ta maƙwabciyarta. Harsunan Turai da dama ba su fassara kalmar ba, aron ta suka yi ɗungurungum.

A Bodo kuwa kasuwa ce ta yi aikin. Yankin ya shiga hannun sarakunan Ingila ta dalilin auren 1152, ya zauna har 1453, kuma a tsawon wannan lokaci Ingila ta zama babbar mai sayen giyarsa. A 1663 wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Samuel Pepys, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya sha wata giyar Faransa mai ɗanɗano na daban, ya kuma ambaci sunan gonar Haut-Brion, ko da yake yadda kunnensa ya ji ya rubuta. A ƙarni na 18 hukumomi suka fara shata iyaka: Sarkin Taskani ya shata ta Chianti a 1716, gwamnatin Fotugal ta shata ta kwarin Douro a 1756 har da kafa turakun dutse.

Jerin da ya fi kowanne tasiri shi ne na 1855. Domin bajekolin duniya da Napoliyon na III ya shirya a Faris, majalisar 'yan kasuwar Bodo ta nemi ƙungiyar dillalai ta jera mata manyan gidajen giya bisa daraja. Dillalan ba su zauna ɗanɗana komai ba. Littattafan ciniki suka buɗe, suka duba farashin da kowane gida ya saba samu, suka kasa jar giya aji biyar, suka sa gida huɗu a ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Jerin da aka yi don biki ɗaya sai ya zama kamar zanen dutse. Babban canjin da aka taɓa yi masa shi ne na 1973, lokacin da Mouton Rothschild ya hau ajin farko bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari. Gidajen sun sayi gonaki sun sayar, iyakokinsu sun sauya, amma darajar tana manne da sunan.

5.0 Ƙwaro, algus da doka

A daidai lokacin da Louis Pasteur ke nazarin dalilan lalacewar giya bisa buƙatar Napoliyon na III, nazarin da ya fito a littafi a 1866 ya kuma nuna cewa ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60 na kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta, wata annoba da ta fi wannan girma ta riga ta shigo. A 1863 itatuwan inabi suka fara bushewa a Pujaut, kusa da Kogin Ron. Sai a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tono saiwa suka ga wani ɗan mitsitsin ƙwaro rawaya yana tsotsar ta. Filoksera ke nan, wanda ya zo daga Amurka a jikin dashen da ake shigowa da shi. Inabin Amurka ya daɗe da sabawa da shi, na Turai kuwa bai san shi ba. A 1875 Faransa ta samar da kimanin lita biliyan 8.4, a 1889 abin ya faɗo zuwa biliyan 2.3. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga duk wanda ya kawo magani. An gwada tura guba cikin ƙasa, an gwada cika gonaki da ruwa a lokacin hunturu, an koma dasawa a rairayi inda ƙwaron ba ya iya tafiya. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne dabarar da masu lambu a nan ke kira aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a dasa gindin inabin Amurka, a ɗaura masa reshen na Turai. Manoma da yawa sun ƙi wannan da farko, suna tsoron kada baƙon gindi ya ɓata ɗanɗano. Yau kusan duk gonakin da ake taƙama da sunan ƙasarsu a Bagandi da Bodo, saiwar da ke cikin wannan ƙasa 'yar asalin Amurka ce.

Shekarun ƙarancin nan su suka buɗe ƙofar algus. Aka shiga jiƙa busasshen inabi daga Girka ana tsima shi, ana zuba ruwa da sukarin gwoza a kan tuƙar da aka riga aka matse, ana ƙara launi, duka kuma a sayar da sunan giya. Har ta kai a 1889 majalisar Faransa ta ga dole ta yi wa kalmar vin kanta ma'ana a doka, cewa ita ce abin da aka samu daga tsimuwar ɗanyen inabi kawai. Ba kasafai majalisa ke zama ta yi aikin mai rubuta ƙamus ba, sai in akwai dukiya a bayan kalmar.

Wani ɓangare na giɓin kuma Aljeriya ce ta cike. Turawan da annobar ta talauta sun ƙetara teku, gwamnatin mulkin mallaka ta ba su filaye, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1930 gonakin inabi a can sun kai wajen hekta 400,000. Ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, waɗanda su ne ke aikin ƙodago a gonakin ba tare da suna shan abin ba, ita ce ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da giyar inabi zuwa waje, har zuwa lokacin samun 'yancinta a 1962. Amma a wannan tarihi na suna, ita giyar Aljeriya ba ta da suna. A cikin manyan tankunan jirgi ake kai ta, a gauraya ta da raunanan giyoyin Faransa domin ta ƙara musu launi da ƙarfi, a sayar a ƙarƙashin sunan wasu. Bayan 'yanci Faransa ta rage saye, kuma a farkon shekarun 1970 gwamnatin Bumadiyan ta sa aka tumɓuke gonaki masu yawa.

Da gonakin Faransa suka farfaɗo a farkon ƙarni na 20, sai giyar gaskiya da ta jabu da ta Aljeriya suka haɗu suka cika kasuwa, farashi ya karye. A watan Maris na 1907 wani manomi mai suna Marcelin Albert ya jagoranci mutum 87 daga ƙauyen Argeliers zuwa Narbonne domin kai kuka a kan algus. Kowace Lahadi taron ya riƙa ƙaruwa, har ranar 9 ga Yuni mutanen da suka haura 500,000 suka cika Montpellier. Ɗaruruwan magadan gari suka ajiye aiki, aka daina biyan haraji. Firayim Minista Clemenceau ya aika da soja. A ranakun 19 da 20 ga Yuni aka buɗe wuta a Narbonne, mutum 6 suka mutu, sojojin runduna ta 17, waɗanda yawancinsu 'ya'yan yankin ne, suka yi bore. Kafin ƙarshen watan aka zartar da dokar da ta tilasta wa kowane manomi ya bayyana yawan abin da ya girba, aka kuma ɗaure cinikin sukari.

Rikicin Shamfen kuwa a kan iyakar suna aka yi shi kai tsaye. A 1908 gwamnati ta shata yankin da ke da ikon amfani da sunan, ta bar lardin Aube a waje, alhali a lardin ne Troyes take, tsohuwar hedikwatar ƙasar Shamfen. Mutanen Aube suka tashi don an cire su. Mutanen Marne suka tashi don ana neman a shigo da su, don kuma 'yan kasuwa na sayo inabi daga nesa suna sayar da giyarsa da sunan yankin. A watan Afrilu na 1911 aka ƙone gidajen wasu 'yan kasuwa a garin Aÿ, aka farfasa ganguna giya ta malala a titi. Sai a 1927 aka mayar da Aube ciki.

Waɗannan tarzomomi su suka haifi tsarin 1935, wanda Sanata Joseph Capus ya tsaya wa, inda aka kafa hukuma ta musamman mai kula da sunayen asali. A ƙarƙashinsa suna bai tsaya ga iyakar ƙasa kaɗai ba. Ya haɗa da irin inabin da za a dasa, da iyakar yawan amfanin da za a ɗiba a kowace hekta, da yadda za a sarrafa shi. Faransa ta kuma bi sunayenta har ƙetare. Ta sa an saka kare su a cikin yarjejeniyar Basai ta 1919. Mutanen Sifen suka koma kiran tasu mai kumfa cava. Wani ƙauye a ƙasar Suwizalan mai suna Champagne, wanda ya daɗe yana noman inabi, an hana shi rubuta sunan kansa a kwalbarsa bayan yarjejeniyar 1999 da Tarayyar Turai. Rasha kuwa a 2021 ta juya abin, ta keɓe kalmar shampanskoye ga giyar da aka yi a cikin ƙasarta.

6.0 Harshen ɗanɗano

Duk wannan gini ya dogara ne a kan zato ɗaya: cewa bambancin da suna ke nunawa, baki da hanci za su iya gane shi. Ranar 24 ga Mayu, 1976, wani ɗan kasuwa Ba'ingile mai kanti a Faris, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransawa 9 ya ba su giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren fara, Chateau Montelena ta 1973 ce ta zo ta ɗaya. A ɓangaren ja, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta sha gaban Mouton Rothschild da Haut-Brion. Duka biyun daga Kalifoniya suke. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Zama ɗaya na mutum 9 ba ya isa hujjar cewa wata ƙasa ta fi wata, kuma an yi ta zuzuta sakamakon fiye da kima. Abin da ya nuna kawai shi ne, idan aka cire suna, hukuncin ƙwararru kan yi rawa.

Masana harshe sun shiga maganar tun kafin wannan. Lehrer (1975), a mujallar Language, da kuma littafinta na 1983, ta tattara kalmomin da masu Ingilishi ke siffanta giya da su, ta nuna cewa yawancinsu aro ne daga wasu fannoni: nauyi, ƙarfi, siffar jiki, shekaru, har da halin ɗan Adam, ta yadda za a ce giya tana da jiki, ko ta tsufa, ko tana da kunya. Da ta sa wani ya siffanta giya wani kuma ya nemo ta daga bayanin, sakamakon bai fi na mai canke ba sosai. Domin magance wannan ne Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fito da da'irar ƙamshi a 1984, mai zobe uku, daga gamammen aji kamar "na 'ya'yan itace" zuwa takamaiman abu kamar lemo ko ayaba. Ta fitar da kalmomin yabo da kushe, ta bar waɗanda za a iya kawo abin da suke nufi a sansana. Robert Parker, wanda ya fara mujallarsa a 1978, ya bi ta wata hanya: a kan bayanin kalmomi sai ya ɗora maki bisa 100, kasuwa kuwa ta kama lambar ta manta da bayanin.

Gwajin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Morrot, Brochet da Dubourdieu (2001). An ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya a Bodo farar giya da aka rina ta ja da launi marar ƙamshi, sai suka siffanta ƙamshinta da kalmomin jajayen abubuwa, irin waɗanda ake amfani da su ga jar giya. Sau da yawa akan ba da wannan labari don a yi wa ƙwararru dariya, amma darasin da ke ciki ga mai nazarin harshe ya fi haka: kalmomin ƙamshi a Faransanci da Ingilishi sunayen abubuwa ne, abubuwa kuwa suna da launi, don haka ido kan riga hanci zaɓen kalma. Majid da Burenhult (2014) sun nuna cewa ba haka kowane harshe yake ba. 'Yan ƙabilar Jahai na zirin Malesiya suna da kalmomi na asali na wari da ƙamshi, kuma sauƙin da suke samu wajen ambaton su daidai yake da na ambaton launi.

A nan Hausa na da abin cewa. Parsons (1955) ya ware wani aji na sunaye a Hausa masu nuna abin da gaɓoɓi ke ji, kamar zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, ƙamshi da wari, waɗanda ke da tsarin kari iri ɗaya, kuma ake samo sifa daga gare su, kamar zazzaƙa da tsattsama. Wanda zai fassara littafin ɗanɗana giya zuwa Hausa ba zai sha wahala a kan abin da baki ke ji ba. Malaman wannan fanni a Turai sukan ɓata lokaci suna koya wa ɗalibi bambancin ɗaci da ɗaurewar baki, alhali duk yaron da ya taɓa cin goro ko ɗanyen kanya ya san ɗaci daban, bauri daban. A hanci ne matsalar za ta taso, domin yawancin kalmomin Hausa na asali a wannan fage na abin ƙi ne: wari, ɗoyi, ƙarni, ƙauri, hamami, zarni. Abin so kuwa kusan ƙamshi kaɗai ke ɗauke da shi, sai a koma kwatance, 'ya'yan itacen da Turawa ke kwatance da su kuma ba a san yawancinsu a nan ba. Sai dai a nemi ɗinya ko zoɓo ko tsamiya su tsaya a madadinsu.

Akwai dai wuri ɗaya da mai fassarar zai fi marubucin asali taƙaitawa. Farar giyar da ake yi da inabin Sauvignon blanc, irin ta Sancerre a kwarin Kogin Luwar, tana da wani kaifin wari wanda Faransawa, don rashin kalma, suke kwatanta shi da fitsarin kyanwa, kuma a bakinsu wannan ba lallai kushe ba ne. Ɗakin binciken Dubourdieu a Bodo ne ya gano, a tsakiyar shekarun 1990, sinadarin dangin farar wuta da ke haddasa shi. Kalmar Hausa a nan ita ce zarni.